Matashin Azara Ba Laya Ba Ne

Zuwa ga Mushe Direktan lakwal, makarantar bokon unguwarmu, Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne Malam Illa baduku, mahaifin Azara ta aji uku. Da hannuna na rubuta wannan takarda, domin bara na kammala karatun manya.

Na ɗaya. Azara ba ta iya zama wuri guda, kuma ba rashin tarbiyya ba ne. Ma'aikaciyar asibiti mai kula da irin waɗannan yara ta duba ta, ta ce lalura ce da ake kira TDAH da Faransanci: hankali ba ya tsayawa, jiki yana bin sa. Ta ce a ɗora mata abu mai nauyi a cinya lokacin karatu, a ba ta abin murzawa a hannu.

Na biyu. Ba a sayar da wannan a Agadas, kuma shugabanninmu na soja suna cewa a rediyo mu dogara da kanmu. Na ɗauko jar fatar akuya, ta ƙarshe mai kyau da ta rage mini tun da fari ya ramar da dabbobi, na cika ta da tankaɗaɗɗen yashi, na ɗinke, na sa tuntu na murzawa. Da wannan matashi a cinyarta Azara ta rubuta shafi guda cur ba ta tashi ba. Mushenta, wato malamin ajinsu, shaida ne.

Na uku. Ranar Talata kun shiga ajin, kun ƙwace shi, kun ce laya ce, ba a kawo asiri lakwal. A gaban yara kuka faɗa, yanzu suna kiran ta ɗiyar boka. Tun ranar sau biyu ana fitar da ita waje, an kuma aiko mini cewa in ta sake tashi za a kore ta, ga jarrabawar wucewa aji ta matso.

Mushe, na ɗinka wa mutane layu da yawa, na san bambanci. Takarda ake naɗewa a cikin laya, kuma ba a taɓa yin laya mai nauyin tiyar gero ba.

Ina roƙon ku janye maganar kora, ku maido mata matashinta kafin jarrabawa. In kuna shakka, ku farke shi a gaban yaran nan, in kun ga yashi ku faɗa musu da bakinku. Zan zo da basilla da zare in sake ɗinkewa nan take.

Allah ya taya ku riƙon wannan aiki, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.
Malam Illa baduku