Na'urar Baba a Bayan Gilashi

Yaya Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna? Ina lafiya a Doha, sai dai ƙafa da ke ɗan kumbura.

Jiya aka tura ni gadin baje kolin tsofaffin na'urori. Can na ga ta marigayi Baba, mai koren rubutun nan da yake aika bayanai da ita zuwa babbar kwamfutar jami'a. Ga sunansa a gefe, yadda ya zana da ƙusa. Mai ita ya ce daga Zariya aka sayar masa bara.

Yaya, ai kai ka ce mini ambaliya ta tafi da ita, har ina ba ka haƙuri.

Wuni na yi ina hana mutane taɓa ta. Ni ma ban taɓa ba. Kada Inna ta ji.

Ƙaninka,
Abdulhakeem