Layin Ɗakin Baya

Ikara, 2 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗana Zayyad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da mahaifiyarka da mutanen Makarfi baki ɗaya. Na ba direba wannan takarda ne saboda wayata kullum tana hannun Khairat, ita ke duba mini saƙonni.

Ka san yanzu layin intanet biyu ne a shagon kwamfutar nan: farantin tauraron ɗan'adam da muka kafa a rufi, mai gudu, da tsohon layin sim da ke numfashi da ƙyar. Duka biyun rauta ɗaya suke shiga, ita ke raba wa kowa. Ina so ka zo ranar Laraba ka bambanta su. Kwamfutoci shida na gaba da ta ofis ɗina su bi faranti. Ɗakin baya, inda Khairat take aiki, ya bi sim. In sim ya ɗauke, ya ɗauke ke nan, kada ya koma kan faranti.

Ba zan ɓoye maka dalili ba. Wata gidauniya ta sa mata ganawa ta bidiyo ranar sha huɗu ga wata. In ta ci, za su kai ta ƙasar waje karatun shekara biyu a kan ƙasar noma. Tun da yayana, ubanta, ya rasu, ita ce shagon nan. Ita ke buga takardu, ita ke yi wa ɗalibai rajista. Ni ko takarda ban iya sa wa firinta ba. In na hana ta da bakina, dangi za su ce na zalunci marainiya. In layi ya hana ta, sai a ce ƙaddara.

Alhaji Ahmadu na Hunkuyi yana neman wanda zai haɗa masa intanet a rumbunan hatsinsa, ya ce in ba shi suna. Ban ba shi ba tukuna.

Wassalam. Kawunka, Lado

Makarfi, 7 ga Nuwamba

Zuwa ga Kawu Lado,

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Na iso gida lafiya jiya. Ban iya yi maka bayani a shago ba don Khairat tana nan, shi ya sa na rubuto.

Na raba kwamfutocin rukuni biyu, kowane da nasa jerin lambobi, ba sa ganin juna. Na sa doka a cikin rautar: rukunin farko ya fita ta ƙofar faranti, na biyu ta ƙofar sim. A ƙa'ida ana barin hanya, in ƙofa ɗaya ta toshe a bi ɗayar. Wannan na cire. Na kuma yi abin da ba ka ambata ba: na ɗaure kwamfutarta ta hannu da rukuni na biyu ta lambar da ke jikinta, ko ta koma gaba ta jona kebul, sim za ta bi. In ba haka ba aikin banza ne. Na canza kalmar sirri. Ita na ce mata don tsaro ne.

Kawu, raina bai so ba. Shayi ta dafa mini ina cikin aikin. Amma kai babba ne, ka fi ni hangen nesa.

Ina sauraron maganar Hunkuyi.

Ɗanka, Zayyad

Ikara, 11 ga Nuwamba

Taubashina Zayyad,

Sallama da gaisuwa. Yaya Gwaggo da ƙafarta? Sau biyar ina kiranka ba ka ɗauka ba. Ko tun da ka zama injiniya sai da takarda ake ganinka? To, ga takardar.

Tun ranar da ka taɓa rautar nan kwamfutata take rarrafe, musamman da rana in mutane suka yi yawa a kan sabis. Na gwada jonawa da wayata, ita ma kanwar ja ce, ka san sabis ɗaya ne ke shigowa unguwar nan. Na gaba kuwa lafiya lau suke.

Ranar Alhamis ƙarfe biyu ne ganawar. Minti ashirin suka ba kowa, kuma dole da kwamfutar da na yi rajista da ita zan shiga. Mu goma sha biyu muka rage cikin ɗari huɗu. Wata uku ina tsayawa gaban madubi ina amsa tambayoyi da Turanci, har Inna ta fara yi mini tofi. Baba Lado ya ce in kwantar da hankalina, ya sa albarka, har ya ba ni hutun yinin.

Don Allah ka leƙo ko na rabin awa ne. Ba ni da wanda zan yarda ya taɓa mini ita sai kai.

Taubashiyarka, Khairat

Ikara, 17 ga Nuwamba

Zayyad,

Assalamu alaikum.

Ba ka zo ba. Bari in gaya maka yadda aikinka ya yi kyau.

Mutum uku ne a allon, wata dattijuwa ce ke tambaya. Ta ce in faɗi abin da ya sa ƙasar gonakinmu ke gajiya. Na buɗe baki, fuskarta ta daskare a allon, layi ya yanke. Na dawo bayan minti huɗu, ta ce, "Muna jin ki, ci gaba." Ya sake yankewa. A karo na uku na sunkuci kwamfutar na ruga gaba, na cire kebul ɗin wata kwamfutar na jona. Babu. A gefena wani mutum yana kallon ƙwallo, ko gezau hoton bai yi ba. Da na samu shiga, dattijuwar ta ce, "Ki yi haƙuri, lokacinki ya ƙare, akwai masu jira." Jiya saƙonsu ya zo. Sun ɗauki shida, ba ni ciki, kuma baɗi shekaruna sun wuce ƙa'idarsu.

Na ɗauka ƙaddara ce. Da safen nan Baba Lado ya kira ni ofis, ya miƙo mini wasiƙarka ta bakwai ga wata. Ya ce, "Karanta, don ki daina kiran wanda ba zai ɗauka ba." Na karanta a tsaye. Na ce, "Baba, kai ka sa shi." Ya ce, "Ni na ce ɗaki. Kwamfutarki shi ya ƙara da kansa. Yanzu kin san duniya, kuma kin san ba ki da kowa sai shagon nan. Ga takardun makarantar Kudan can suna jira."

Na je na buga su. Shafi arba'in ne.

Na ji ka fara aiki a Hunkuyi. Allah ya sanya alheri.

Khairat

Hunkuyi, 19 ga Nuwamba

'Yar'uwata Khairat,

Ina gaisuwa, in za ki amsa. Ban san Kawu zai nuna miki ba. Na san wannan ba ita ce maganar da ta kamata in fara da ita ba, amma ita ta fara zuwa.

Na yi zaton layin zai yi rauni ne kawai, ki wuce da ƙyar. Haka nake gaya wa kaina. Shekara biyu ba ni da tsayayyen aiki, kin sani. Ranar Alhamis ɗin har na fito tasha, na ga motar Ikara tana lodi, saura mutum ɗaya, na tsaya har wani ya shiga.

Ki bar ni in rubuta wa gidauniyar in faɗa musu gaskiya. Sai dai in da hali kada sunan Kawu ya fito, kada kuma Alhaji Ahmadu ya ji. Ki faɗa mini yadda kike so a tsara.

Ki yafe mini don darajar zumunci.

Zayyad

Ikara, 23 ga Nuwamba

Zayyad,

Bayan gaisuwa. Takardar da ka aiko wa Khairat ta iso, ni direba ya ba, na karanta, na ajiye. Ba sai ta gani ba, hankalinta ya fara kwanciya.

Ka zo ranar Litinin ka mayar da kwamfutarta kan faranti. Rajistar ɗalibai ta kusa, layin sim yana ɓata mana lokaci. Ka zo da azahar, lokacin ta shiga gida salla.

Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka, Lado