A Bar Ni In Fito da Maguna Bakwai Kafin Juma'a

Zuwa ga Alhaji Shugaban Ƙungiyar Masu Sito,
Kasuwar hatsi ta garinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan kwamitinka. Ya kaka, ya hidimar jama'a? Allah ya nuna mana ta baɗi.

Ni ne Garba, wanda 'yan kasuwa ke kira Mai Maguna. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Malam Iro, tsohon malamin dabbobi, shi ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, kuma na rantsar da shi kada ya sassauta ko kalma ɗaya. Na ce a manna kwafi a ƙofar masallacin kasuwa da tasha, saboda sau biyu ina aiko maka da baki, sau biyu ana ce min kana Funtua.

Kai ka san ni. Shekara ashirin da biyu ina dakon buhun mahaifinka, Allah ya jiƙansa, lokacin kana yaro kana hawa kan buhuna ana koro ka. Masarar gidanku ce ta lanƙwasa min baya. Don haka ba baƙo ne ke maka magana ba.

Na farko, don masu karantawa su san abin da ake magana a kai. Tun da na aje dako nake tara maguna a kangon bayan gidana. Ba masu kyau nake tarawa ba. Waɗanda aka ɗaure a buhu aka jefar a bola ne, da waɗanda mata suka watsa wa tafasasshen ruwa saboda tsokar nama ɗaya, da waɗanda babur ya taka, da waɗanda aka tsiyaye wa ido da danƙo. Malam Iro ke ɗinke su yana yi musu allura, bai taɓa karɓar ladan aiki ba. Tabawa mai kifi ke kawo kawunan kifi, ita ce kuma ke zagayawa da gwangwani ranar kasuwa don kuɗin magani. Mahauta na aiko da huhu. Matan rugar da ke hanyar Bakori na barin mana ragowar nono. Daga ƙungiyarku, mai manyan motoci a ƙofa, abin da ya taɓa shiga kangon nan sharar masara ce mai haɗe da tsakuwa, kuma mage ba ta cin masara.

Ban taɓa sayar da mage ba. Wanda ke so ya zo, in je in ga gidansa, in ya yi min in ba shi. Masu sito kuma aro suke yi: su ɗauka da kaka idan hatsi ya shigo, su dawo min da su da bazara idan sito ya yi fili. Sharaɗina uku ne tun fil azal. A aje kasko da ruwa. A bar kafa ko taga ta fita. Kada guba ta shiga siton da magena ke ciki. Babu mai siton da ya ɗauki mage a hannuna ban maimaita masa wannan a gaban shaida ba.

Na biyu. Bana na ba da maguna goma sha takwas a sito goma sha biyu. Mako uku da suka wuce wani mai lasifika ya zo kasuwa da shinkafar ɓera, kwamitinka ya saya a dunƙule, aka raba wa kowane sito aka barbaɗa. Ba wanda ya tako ya ce, Garba zo ka kwashe naka. Daga ofishinku zuwa ƙofata ba a shan ruwa a hanya. Ɗan da aka yaye jiya ya san ɓeran da ya ci guba ba ya gudu, jan ciki yake, kuma shi mage ke fara kamawa. Ku da kuka tsufa a hatsi ba za ku ce min ba ku sani ba.

Ranar Talata da hantsi Tabawa ta zo ta kira ni. Alhaji, ka taɓa ganin yadda gubar nan ke kisa? Ba ka taɓa ba, kana ofis ƙarƙashin fanka. Bari in gaya maka. Dabba za ta sandare, bayanta ya lanƙwashe har ƙeya ta nemi taɓa wutsiya, kumfa na fita da jini-jini, tana yaƙushin siminti har farata su ɓalle. Sai ta saki kamar ta huta, sai abin ya sake dawowa. Na tsince su a bakin ƙofofi, da cikin kwata, da ƙarƙashin sikeli. Wani muzuru da na raina tun idonsa bai buɗe ba, na same shi ya ciji harshensa ya raba biyu. 'Yan dako sun riga sun tara guda shida a baro tare da matattun ɓeraye, za su kai juji. Goma sha ɗaya na ƙirga a ranar.

Na uku, maganar Sale, tunda ita kaɗai kuka ji. Ta ƙarshe a cikin sha ɗayan nan ita ce Guntuwa, mai yankakkiyar wutsiya, wadda na ba Sale mai kula da siton ƙaninka. Tana shayarwa. Na iso na tarar ta jawo jiki zuwa ƙofa, da ranta, Malam Iro na bayana da allura a hannu. A gaban idona Sale ya ɗaga shebur ya sauke mata a ka. Ba ta mutu a bugun farko ba, kan ne ya fashe, ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku, yana cewa wai haukacewa ta yi za ta ciji mutane. Ya kwashe ta da shebur ɗin ya watsa a kwata yana dariya.

Na buge shi. Ban musa ba a gaban Sarkin Kasuwa, ba zan musa a takarda ba. Gorata na sauke masa a baki, haƙora biyu suka zubo, kuma da ba a riƙe ni ba da na ƙara. Abin da ba a rubuta a littafinku ba shi ne abin da ya biyo baya. 'Yan dako biyar suka kayar da ni a kan tsakuwa. Suka tattaka ni da takalmin roba, ɗaya ya samo katakon sikeli ya bi ni da shi a haƙarƙari. Biyu daga cikinsu ni na koya wa yadda ake ɗaga buhu ba a karya ƙugu ba. Yau kwana goma sha tara ba na kwanciya ta hagu, in na yi tari sai na ga jini, idona ɗaya har yanzu hazo-hazo yake gani. Kwamitinka ya zauna ya yanke cewa ni ne mai laifi, aka hana ni shiga kasuwa sai na zo na ba Sale haƙuri a bainar jama'a. Su biyar ɗin ko tsawa ba a yi musu ba.

'Ya'yan Guntuwa huɗu Tabawa ta zaƙulo a bayan buhuna. Tana ɗura musu madarar akuya da sirinji. Biyu sun mutu, biyu na nan.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin takardar nan. Duk abin da ya wuce na bar wa Allah. Amma sha takwas a cire sha ɗaya, saura bakwai, kuma suna nan da rai a sito huɗu na layin yamma. Masu gadi sun shaida min suna jin kukansu. Shekaranjiya mai shela ya zaga cewa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a zuba ƙwayar kashe ƙwarin hatsi a duk sito, a lulluɓe da tamfol, a liƙe ƙofofi da tagogi da laka har mako biyu. Na yi dako, na san ƙwayar nan. Ko gafiya ba ta kwana a ɗakin da aka sa ta.

An ce min ka ce an yi ƙoƙari, an kore su da sanda, an yi musu hayaƙin barkono, sun ƙi fita, don haka abin da ya rage ya rage. To yaya za su fita? Dabbar da ta ga an fasa kan 'yar'uwarta, ka bi ta da sanda, ai can ƙuryar buhuna za ta shige inda hannu ba ya kaiwa. Waɗannan ba sa zuwa wurin kowa. Kwano nake ƙwanƙwasa musu da cokali in kira kowace da sunanta, haka suka saba tun suna ƙanana. A fitar da kowa, a bar ni ni kaɗai, kafin a sha shayi kofi biyu na gama sito ɗaya. Mutum ɗaya ne a garin nan zai iya fito da su, shi ne kuka kafa wa 'yan banga a ƙofar kasuwa.

Ka sha zama a sahun gaba ana wa'azin matar da ta kulle mage har ta mutu. Ita mage ɗaya tak ta kulle.

Ga abin da nake roƙo.

A bar ni in shiga ranar Alhamis da safe, ni da Malam Iro da akurki uku. Idan kuna tsoron gorata, ku karɓe ta a ƙofa.

A share shinkafar ɓeran da ta rage a binne, a kuma zazzage buhunan ƙasa, don akwai matattun ɓeraye a cikin masarar da 'ya'yan mutane za su ci.

Daga bana kada wani mai sito ya sake tako ƙofata neman aro. Matan gari da manoma masu rumbu ƙofa a buɗe take gare su, akwai maguna goma sha huɗu da ke jiran gida.

Saura maganar haƙuri. Garin nan ya san ni. Ni da wana mun yi shekara goma sha shida ba ma gaisawa a kan kunya uku ta iyakar gona, har aka sa shi a rami ban ce masa yi haƙuri ba, kuma uwa ɗaya ta haife mu. Ban yi nadamar haƙoran Sale ba, kada wani ya karanta wannan ya ce na yi. Amma in wannan ne kuɗin ƙofar, zan biya. Ka tara kasuwa ranar Alhamis, ka kawo Sale ka zaunar a kujera, ka kira biyar ɗin nan su tsaya su yi kallo. Zan cire hula in durƙusa a kan tsakuwar da suka tattaka ni, in faɗi duk abin da kuka ce in faɗa, da ƙarfi yadda na baya zai ji. Abu ɗaya kawai: makullan sito huɗun su kasance a hannunka a wurin, ina tashi a miƙo min.

In kuma ka ƙi, to ranar Juma'a za a same ni zaune a ƙofar siton ƙaninka, kuma mai liƙe ta da laka sai ya fara ɗauke ni, ba kuma da lalama zan ɗauku ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziƙi na halal. Allah ya kare hatsinka daga wuta da ruwa da ƙwari, ya raya maka zuri'a, ya jiƙan mahaifinka, wanda bai taɓa rufe sito ba sai ya leƙa bayan buhu. Allah ya sa ka karanta wannan kafin Alhamis.

Wassalam.

Naka,
Garba Mai Maguna,
Bayan makabarta, kusa da injin niƙa.