A Takarda Ban Tsufa Ba

Anti Mavis,

Don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sukuni, kuma idan na faɗa wa maƙwabta dariya za su yi mini.

Mijina Clarrie mai zane ne a wata mujallar labaran zane ta yara a nan Sydney. Editansu, Mista Tolhurst, shi ya tsamo shi yana rubuta wa mahauta allon farashi a unguwarmu Balmain, ya mai da shi mutum. Ba Clarrie kaɗai ba, duk wani mai zanen kirki a garin nan ta hannunsa ya bi. Masifaffe ne na ƙarshe, amma ya san aikinsa. Dokarsa ɗaya ce, ba a zana fuska da ka, sai an zaunar da mai rai a gaba, wai yara suna gane fuskar ƙarya.

To, wata rana na kai wa Clarrie abincin rana ofis, Mista Tolhurst ya ƙare mini kallo ya ce ga sarauniyar 'yan fashin tekun da suke nema. Ni fa, Anti! Ni ce muguwar cikin labarin! Sama da shekara goma yara na nuna ni a jirgin fito, mai kanti na tsokanata wai kar in sace masa jirgi. Na tsani mutumin nan kamar me. Amma a da, kullum da yamma Clarrie zai zaunar da ni a kicin don ya zana ta, shayi na hucewa, ya ce in ɗaga haɓa, in harare shi. Sai in harare shi, mu fashe da dariya.

Yanzu talbijin ta shigo, yara sun daina saye, mujallar za ta rufe. Mista Tolhurst ya aiko wai ni zan zaɓi yadda sarauniyar za ta ƙare a fitowa ta ƙarshe. Na zaci murna zan yi, sai ga ni ina kuka a kan kwanukan wanke-wanke. Rabon da Clarrie ya zaunar da ni har na manta. Ya haddace fuskar, da ka yake zana ta, ƙofa a rufe. Ita tana nan yarinya shar, ni kuwa ga furfura. Wallahi kishin zane nake yi. In ce a nutsar da ita in huta? Ina tsoron in ta tafi, ba sauran abin da zai tuna masa da ni.

Matar Mai Zane, Balmain

*

'Yar'uwa,

Ba zan yi miki dariya ba. Kukanki ba na takarda ba ne, kewar idon mijinki kike yi, kuma kina da gaskiya.

Amma a yi wa Clarrie adalci. Mutumin da ake jiran shafukansa kowane mako, ga aiki na shirin kuɓuce masa, gajeriyar hanya zai nema. Wataƙila ma a ganinsa hutar da ke ya yi, tunda kin sha cewa kin tsani abin. Kin taɓa gaya masa kina jin daɗin zaman kicin ɗin nan? Na tabbata ba ki taɓa ba.

Editan nan kuwa, ya ɗauki fuskarki ba da izininki ba, wannan laifi ne. Sai dai da dokarsa ya gina masu zanen garin nan, kuma da ita kika samu waɗancan yammacin. Ina ganin wannan saƙon nasa ban haƙuri ne irin na masu taurin kai.

Kada ki nutsar da ita. Ki je ofis ki ce ga zaɓinki: sarauniya ta tsufa, ta sauka daga jirgi da furfurarta. Sannan ki tuna wa Mista Tolhurst dokarsa, ki sanar da shi an daɗe ana karya ta a gidanki. Ba zai yarda a zana tsufan nan da ka ba.

Ki dafa shayi, ki zauna, kada ki rina gashi. Dole Clarrie ya ɗago kai ya dube ki yadda kike yau. In ya ce ki harare shi, ki harare shi da kyau, ya ci bashin hararar nan.

Allah ya daidaita tsakaninku.

Anti Mavis