Kakana ya nutse da sunan maƙwabcinsa

Malam Ɗanyaro, don Allah ka taimake ni. Na tono abin da ya fi ƙarfina, kuma na rasa inda zan ajiye shi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata hamsin da shida, ina zaune a Vénissieux, a ƙasar Faransa, da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Shekarunta tamanin da huɗu, kuma ba ta san fuskar ubanta ba. Sunansa Saley, mutumin Damagaram, ana ce masa Mai Tara saboda ya rasa ƙaramin yatsansa na hagu tun yana yaro. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya tafi Dakar neman aiki, Inna tana goye. Wasiƙa ɗaya ya aiko, da ajami, cewa ya samu aikin zuba kwal a wani jirgin ruwa mai dakon gyaɗa, zai dawo kafin damina. Shi ke nan. Bayan yaƙi wani ya dawo gida ya ce ya hango shi a Marseille da farar mace. Kakata ta yi jiran shekara bakwai kafin ta sake aure. Inna ta tashi agola, yara suna yi mata gorin cewa ubanta ya musanya ta da Baturiya. Ta haifi maza huɗu, babu Saley a cikinsu. Idan ta idar da salla tana lissafo mamatanta ɗaya bayan ɗaya, har da kuturun da ke zama a ƙofar gidansu, amma shi tsallake shi take yi.

Bara aka kawo mini adakar kakata daga Damagaram, wato Zinder, na tarar da wasiƙar a ƙarƙashin zannuwa. Limaminmu ya karanta mini, sai ga sunan jirgin. Wani tsohon Bature, daga cikin masu ƙungiyar bin diddigin jiragen da suka nutse, ya gano mini cewa a 1943 jirgin yaƙin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin teku ya harbe shi tsakanin Dakar da Casablanca. Sau uku ina hawa jirgin ƙasa zuwa Paris, gidan da ake adana tsofaffin takardu, ina ce wa Inna kwas aka tura ni. Allah ya yafe mini. Da aka fito mini da jerin ma'aikatan jirgin na bi shi da yatsa har ƙasa, babu Saley. Na ce ashe Inna ce da gaskiya. Har na fara tattara jakata, sai idona ya koma kan masu zuba kwal, na ga wani suna: Illo, haifaffen Zinder.

Malam, na san sunan nan. Illo maƙwabcin su kakata ne, kuma uban Hajiya Halimatou, aminiyar Inna, wadda ke zaune wurin ɗanta a Clichy-sous-Bois, kusa da Paris. Babu biki ko sunan da Hajiya ba ta ba da labarin ranar da gardin kumandan, wato dogarin Baturen mulki, ya zo gidansu yin ta'aziyya, wai Illo ya mutu a teku, sai ya tarar da Illon a ƙofar gida yana shan fura, har ya roƙi a bar shi ya ƙarasa kafin a kai shi kushewa. Na sha yin dariyar labarin nan har da hawaye. Inna ma haka.

Baturen ya ce a wancan zamani ba a ɗaukar mutum aikin jirgi sai da ɗan littafin shaida, kuma mutanenmu suna ara wa juna. Illo ya taɓa yin aikin, tari ya koro shi gida. A cikin dosiyen jirgin, wato tarin takardunsa, akwai takardar likitan tashar Dakar, wata guda kafin tafiyar, ya rubuta cewa wannan Illon ba shi da ƙaramin yatsan hagu. Na je Clichy da sunan gaisuwa, na tsaya gaban hoton Illo da ke falon Hajiya kamar ina yaba firam ɗin. Hannayensa biyu a kan gwiwa. Yatsu goma cif.

Kenan kakana bai gudu ba. An kai sanarwar mutuwarsa gidan da ke jingine da nasu, aka mayar da ita abin dariya. Illo ya ƙara shekara talatin a duniya bai ce uffan ba. Inna takan ce shi ke ɗinka mata kayan salla duk shekara, tana sa masa albarka, ni kuwa yanzu idan ta faɗa sai in tashi in shiga madafa.

Zuciyar Inna ba ta da ƙwari, ni na san maganin da take sha. Kowace safiya sai sun yi waya da Hajiya, kuma ita kaɗai ta rage mata cikin sa'o'inta. Yayana Moctar ya ce in mayar da takardar adaka in rufe. Ga matar ɗana Amine za ta haihu nan da wata biyu, an ce namiji ne, kuma raina yana son sunan Saley. In faɗa mata in raba ta da aminiyarta, ko in bar ta ta koma ga Allah tana fushi da wanda bai yi mata komai ba?

Jikar Mai Tara, Vénissieux

Ƙanwata,

Na aika miki amsar nan kafin a buga ta, kuma sai da izininki aka buga, bayan mun sauya abin da ya kamata a sauya.

Da farko ina jinjina miki. Na san masu digiri uku a tarihi da suka ƙare rayuwarsu a ɗakunan takardun nan ba su fito da komai ba sai ciwon baya. Ke kuwa kin warware shari'ar shekara tamanin da ƙirga yatsu a falon mutane. Ina fata dai Hajiya ba ta ɗauka firam ɗin kike son ta ba ki ba.

Yayanki ba sakarai ba ne. Mutumin da ya shekara tamanin yana fushi, fushin ya zama masa kamar sandar dogarawa, kuma ba a fizge wa tsoho sanda. Inna za ta iya jin ta zalunci ubanta, ta kwana tana tuhumar kanta. Wannan haɗari ne na gaske, kuma ke da kike auna hawan jininta kin fi ni saninsa.

Amma duba abin da Moctar yake so a adana mata: cewa ubanta ya dube ta a goye, ya ga ba ta kai a dawo dominta ba. Da wannan take kwana tun tana yarinya. Labarin da ke hannunki yana da ɗaci, amma ya fi wancan sauƙin ɗauka. Kuma nata ne. Ke ajiya kawai aka ba ki.

Shawarata ki faɗa mata, ita da farko, kafin Hajiya, kafin dangi, kafin rukunin waya na iyali, inda na tabbata labarin zai isa Zinder kafin ki rufe baki. Ki zaɓi hantsi, bayan ta ci abinci ta sha magani. Kada ki zo da dosiye kamar lauya. Ki zo da wasiƙar ajamin kaɗai, ki sa mata a hannu. Jimlar farko ita ce komai: bai tafi ya bar ki ba, ruwa ne ya ci shi a kan aikinsa. Daga nan ki yi shiru. Idan ta tambayi yadda kika sani, ki faɗi abin da kika gani, ki kuma faɗi iyakarsa: babu gawa, babu kabari, akwai sunan jirgi, da kwanan wata, da yatsa guda da babu. Ni dai ya ishe ni, amma ki bar ta ta auna da kanta. Maganar kwas ɗin ƙarya kuwa ki amsa laifinki, za ta ji daɗin samun wanda za ta yi wa faɗa a ranar.

Sai Illo. Kada ki ɓoye shi idan ta tambaya, kada kuma ki yanke masa hukunci a madadinta. Ya ara wa abokinsa takarda don ya samu abinci, wannan alheri ne. Gardi ya tsaya a kansa a zamanin da kumandan ke ɗaure mutum a kan abin da bai kai wannan ba, ya tsorata, wannan ɗan Adam ne. Shirun shekara talatin kuwa, har bayan Turawa sun tafi, laifi ne, ba zan shafa masa mai ba. Ina zaton shi ma ya sani, shi ya sa yake zuwa wurin tela duk salla. Hajiya Halimatou ba ta ari komai ba, ba ta ɓoye komai ba. Labari ta gada, ta ɗauka na dariya ne. Ita ma za ta yi rashi ranar da ta ji. Ki bar wa Inna ta zaɓi ko za ta gaya mata, da yaushe. Tsofaffin nan sun binne mazaje da 'ya'ya tare, sun fi mu sanin yadda ake ɗaukar irin wannan.

Game da yi masa sallar gawa daga nesa, malamai sun saɓa, ki tambayi limamin da ya karanta miki wasiƙar. Addu'a da sadaka dai babu mai gardama a kansu, kuma zai gaya mata matsayin da ake fata ga wanda ruwa ya ci.

Sunan jariri kuwa, da farko ki tuna yana da uwa da uba. Idan sun yarda, kada ki kai wa Inna a matsayin shawarar da aka gama. Ki jira. Ki kasa kunne idan ta idar da salla tana lissafo mutanenta. Ranar da kika ji ta sa Saley a cikinsu, ko da bayan kuturun ne, to ki je ki tambaye ta wane suna take so a raɗa.

Allah ya jiƙan Mai Tara, ya sauki matar Amine lafiya, ya ba Inna tsawon ran da za ta kira sunan nan har ta gaji.

Malam Ɗanyaro