Gashin Yaya Kikuno

Kyoto, farkon bazara, 1961

Zuwa ga Yaya Kikuno,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin teku ya sassauta muku a garin Obama.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Likita ya ce jijiyar idona ce ke mutuwa, in na kai kaka ina gani na ci riba. Ina so in kai zane ɗaya na ƙarshe baje kolin bana, amma na rasa macen da zan zana.

Kar ki yi dariya. Mata sun cika Kyoto, gashi ne babu. 'Yan mata sun datse nasu sun nannaɗe, 'yan rawa na unguwar Gion kuma sun koma kifa hular gashi. Wata ta zauna mini makon jiya, na ce ta ɗaga goshi, sai ga bakin hula kamar murfin tukunya. Kin san malamina ya hana mu zana abin da ido bai gani ba, kuma duk sunan da na yi a kan wurin nan na yi shi, inda gashi ke tsirowa daga fata, sili-sili. Shekara arba'in ke nan tun da kika zauna mini na yi zanen da ya fito da ni. Ki zo ki sake zama. Furfura ba ta dame ni ba.

Ki gaishe mini da 'yan gida.

Ƙaninki, Seiroku

Obama

Roku,

Gaisuwarka ta iso. Na yi kuka a kan idonka, daga baya kuma na ji haushinka.

Wane gashi? Bara da aka sa mijina Jinpei a akwati, na yanke shi daga ƙeya na ɗora masa a ƙirji, kamar yadda Inna ta yi wa Baba. Tare aka ƙone su bisa al'ada, gawa da gashi. Da ka zo jana'izar da ka gani da idonka, amma ka aiko cewa zanen da ka yi a kan siliki bai bushe ba. Matan duniya ka san adadin gashin girarsu, yayarka kuma shekara guda tana yawo da kai irin na ɗan makaranta ba ka sani ba.

Ka zo ka zana ni a haka mana. Ko tsohuwa mai gundulen kai ba ta shiga baje koli?

Ka riƙa cin abinci. Na aiko maka da busasshen kifi.

Yayarka, Kikuno

Kyoto

Yaya,

Na gode da kifi. Maganarki gaskiya ce.

Na gwada zana ki daga ka. Fuska ta fito, wuya ya fito, da na zo goshi hannuna ya tsaya. Ban iya ƙarya da burushi ba, ban kuma iya zana kai sai wanda aka ɗaure irin na da. Abu ɗaya na koya a duniya, shi ma duniyar ta daina yinsa. Gashi kan yi shekara nawa kafin ya ɗauru?

Seiroku

Obama, tsakiyar zafi

Roku,

Ina gaisuwa. Mai gyaran kai ta ce shekara uku, in an yi sa'a. Na daina aski tun ranar da na karanta takardarka. Dangin Jinpei suna ta tsegumi, wai tsohuwa na neman wani mijin. Su yi ta yi. Kullum ina shafa mai, yanzu ya rufe kunne. Ka lallaɓa idon nan, ka ji?

Kikuno

Kyoto, kaka

Yaya Kikuno,

Ina gaishe ki. Rubutun nan ba nawa ba ne, matar maƙwabcina ke yi mini.

Ki aske abinki, ki huta da bakin mutane. In kin zo, ki bari in taɓa goshin.

Ƙaninki, Seiroku