Farar Tawada ta Bushe

Ƙofar Nassarawa, Kano
Watan Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Yayata Zubaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun koma Haɗeja lafiya, kin kuma tarar da maigidan da yara ƙalau. Yaya ƙafar Baba, da sauƙi? Allah ya ba ku ladan zumunci.

Kada ki yi mamakin takarda a zamanin waya. In na kira ki kuka ke shaƙe ni, ga ɗakin ba ya rabuwa da 'yan gaisuwa, kowa ya kasa kunne. Shi ya sa na rubuta na ba direba.

Kin san Yaya Ilu na Madabo, wan maigidana marigayi, Abban Mikail. Bayan tafiyarku shi da Baba sun yi waya, sun tsayar da magana. In na fita takaba, in shagon buga riguna zai iya riƙe ni da yara, to in zauna Kano in ci gaba da aikin. In ba zai iya ba, in dawo gida da Ma'u, shi kuma Mikail ya zauna wurin dangin ubansa saboda makaranta. Ban yi musu ba, don na san injin nan kamar yunwar cikina. Ni nake zanawa, marigayi yana bugawa, in ya fita kuma ni nake yi duka.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, ranar sadakar uku Yaya Ilu ya je shagon ya kashe wutar sola, ya lulluɓe injin da sabon bargo, ya garƙame ƙofa, ya jefa makulli aljihu. Ya ce dukiyar marayu ce, ko allura ba za a taɓa ba sai an raba gado, rabo kuma sai na fita takaba an tabbatar ba ni da ciki.

Ke ba ki san halin injin ba, Yaya. Shi yake fesa zane a jikin riga kai tsaye. A ciki akwai farar tawada, ita ake fara shimfiɗawa a kan baƙar riga kafin sauran launi ya hau. To ita farar nan kamar gasara take, in an bar ta sai ta kwanta. In ta kwanta sai ta daskare a cikin tiyo da 'yan kafofin da take fitowa, waɗanda ba su kai kaurin gashi ba. Shi ya sa marigayi ko ranar Sallah, daga Idi shago yake wucewa ya girgiza ta ya buga gwaji. Har gori nake masa, wai injin ya riga mu samun barka da Sallah. Da an bar wuta ma, yakan wanke kansa lokaci zuwa lokaci. Ga shi an kashe.

Ki taya ni addu'a. Ki gaida Baba da kyau, kada ki gaya masa wannan tukuna.

Ƙanwarki,
Sa'adiyya


Ƙofar Nassarawa, Kano
Watan Jimada Ula

Yaya Zubaida,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan uwa. Yaya gida, yaya zafi? Kukar da daddawar sun iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Ma'u ta yi zazzaɓi amma ta warware.

Kin ce in kwantar da hankalina, ƙarfe ne ba ya ruɓewa. Haba Yaya, har da ke? Kalmar da Yaya Ilu ya gaya mini ke nan.

Ya zo kawo mana hatsi, na yi masa magana ta bayan labule. Na roƙe shi ya buɗe shagon da hannunsa, ya tsaya a kai, ya bar Malam Nazeer mai gyaran inji, abokin marigayi, ya zuƙe tawadar ya cika tiyon da ruwan wanki, sannan ya sake kullewa. Aikin safiya ɗaya ne. Ya ce ba nama ba ne balle ya yi wari. Ya ce a unguwarsu ya ga mutumin kirki da sunansa ya ɓaci har ya mutu, a kan keken ɗinkin ƙaninsa da ya taɓa kafin rabo, shi kuwa ba zai gamu da Allah da wuta a cikinsa ba. Kin san ni da baki. Na ce masa ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ya ajiye buhun, ya fita ko sallama bai yi ba.

Kafin sati maganar ta zaga dangi. Wai mijina bai daɗe a ƙasa ba ina tambayar makulli. Wata gwaggonsu ta faɗa a tsakar gidana, ina ji, ina cikin tufafin takaba. Wallahi Yaya da mari ta yi mini ya fi sauƙi. Daga ranar na ja bakina na tsuke.

Malam Nazeer ya je da kansa Madabo. An ba shi ruwa, an gode masa, an ce ya yi haƙuri lokaci ya kusa.

Abin da ya fi ci mini rai, mutumin nan ba mugu ba ne. Duk Juma'a in ya taso masallaci sai ya biya ta shagon ya ja kwaɗon ya ga yana nan daram, ya share bakin ƙofar da hannunsa. Shi a ganinsa amana yake tsarewa. Ni kuma ina zaune nan ina jin zafin ranar nan a jikina, na san abin da yake yi wa tawadar a ƙarƙashin bargo. In na kalli Mikail yana cin abinci sai in tuna maganar da aka tsayar a kansa. Tsoro nake ji, Yaya.

Ki gaida mutan gida.

Taki,
Sa'adiyya


Ƙofar Nassarawa, Kano
Watan Rajab

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da Baba da yara. Na fita takaba, na gode da turamen da kika aiko.

An buɗe shagon da safe, gaban malamin da zai raba gado. Bargon nan ko ƙura bai yi ba. Da Malam Nazeer ya ɗaga murfi ya ga tiyon farar tawada, sai kawai ya cire hularsa. Ruwa-ruwa a sama, a ƙasa kuma ta daskare kamar alli.

Allah ya saka wa bawan Allahn nan. Ya ajiye nasa aikin ya tare a shagon, ni ina miƙa masa kaya. Ya canza tiyon gaba ɗaya. Ya wanke famfon da ke zuƙo tawada, ya canza robar da ke rufe bakin kan injin, don ta bushe ta tsattsage. Shi kan injin, inda kafofin suke, ya kwance shi ya ɗora a kan tsumma jiƙe da ruwan wanki, aka bar shi ya sha. Da aka mayar aka buga gwaji, sai ga baƙi ya fito, ga ja, ga shuɗi, layukan a kakkarye amma suna nan. Yaya, sai da na yi guɗa ban sani ba, a gaban surukina! Aka sake wankewa, rawaya ma ya dawo.

Fara ce ta ƙi. Aka sa baƙar riga, wurin da za ta fito wayam. In babu ita kuwa launi nitsewa yake cikin yadin, kuma yawancin masu kawo mana aiki, makarantu da 'yan ƙwallo, riguna masu duhu suke so. Malam Nazeer ya sake jiƙa kan, ya tura ruwan wanki da sirinji a hankali, ko ɗigo bai ratsa ba. Ya ce abu ɗaya ya rage, a ƙara matsawa, amma in an yi rashin sa'a cikin zai fashe, a rasa har launin da aka samu. Ya juyo ya kalle ni. Yaya Ilu ma ni yake kallo. Na ce ya matsa. Ina tsaye na ga ruwan ya ɓullo ta gefe, inda bai kamata ba, gauraye da baƙi da ja.

Sabon kai sai daga ƙasar waje, kuma malamin rabon gado ya ce ba za a zuba rabon marayu a abin da ba tabbas ba. An sayar da injin ga masu cire kayan gyara.

Yaya Ilu ya zauna a dakalin shagon ya yi kuka, dattijo da furfurarsa, mutane na wucewa. Na shirya maganganu da yawa a wata huɗun nan, ko ɗaya ban iya faɗa ba. Ya rantse zai riƙe Mikail fiye da 'ya'yan cikinsa, ya ce da haka kawai zai iya haɗa ido da ƙaninsa ranar gobe. Na kuma san zai cika. Ni dai ba abin da na roƙa ke nan ba.

Jiya da la'asar na raka yaron Madabo da jakarsa. Bai yi kuka ba, ya riƙe gefen mayafina har zaure, sai da matar Yaya Ilu ta ɓamɓare yatsunsa. Ban waiwaya ba, don in na waiwaya ba zan iya tafiya ba.

Za mu taso ranar Asabar da motar safe, in Allah ya yarda. Na ji kin sa an gyara mana ɗakin Inna, har kin sayi ƙaramar katifa saboda Mikail, ko za a bar mini shi. Ki mayar da ita, Yaya. Mu biyu ne.

Ki gaida Baba, ki ce ya sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Sa'adiyya